Makaɗa Ibrahim Narambaɗa Tubali: Gadon Da Ya Fito Daga Ɗakin Uwa

  A wannan fitowa za mu leƙa arewacin Jihar Zamfara ne, wato ƙasar Shinkafi da Zurmi da Ƙaura Namoda, domin mu kawo muku tarihin wani bawan Allah da ya kwanta dama fiye da shekara 60 da suka wuce, amma har yau in aka sa muryarsa a rediyo sai ki ga dattijo ya ajiye abin da yake yi ya kasa kunne. Wannan mutum kuwa shi ne Makaɗa Ibrahim Narambaɗa, mawaƙin Sarkin Gobir na Isa.

Wata za ta ce, to mu ina ruwanmu da tarihin makaɗi? Tambaya ce mai kyau, kuma za mu zo kan matsayin kiɗa da waƙa a gaba. Amma tun yanzu ki riƙe abu ɗaya: wannan mutum da malaman jami'a suke rubuta littattafai a kansa, sana'ar da ta ɗaukaka shi daga ɗakin mahaifiyarsa ya ɗauko ta. Wannan kaɗai ya isa ya sa kowace uwa ta tsaya ta saurara.

A wasu ƙasashe, idan fitaccen mawaƙi ya rasu, sai a mayar da rayuwarsa fim domin na baya su gani. Misali Ummu Kulsum ta ƙasar Masar, 'yar limamin ƙauye wadda ta fara da karatun Alƙur'ani, ta fito a finafinai 6 da kanta, ta rasu a 1975, sannan a 1999 aka shirya wasan talabijin mai tsawo a kan tarihinta. Shi Narambaɗa bai riski zamanin bidiyo ba. Ya rasu kusan shekara 30 kafin a yi Turmin Danya a Kano a 1990, fim ɗin da ake ƙirga farkon finafinan Hausa na bidiyo daga kansa. Abin da ya iso gare mu muryarsa ce da aka ɗauka a na'ura, sai kuma labarinsa a bakin mutanen ƙasarsu da littattafan masana.

Ƙasar da ta haife shi

An haifi Ibrahim a ƙauyen Tubali a ƙarshen ƙarni na 19. A wancan lokaci Tubali tana cikin ƙasar Isa ne. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, sai Isa ta tsaya a Jihar Sakkwato, Tubali kuma ta faɗo cikin Ƙaramar Hukumar Shinkafi. Shi ya sa za ki ji Sakkwatawa na cewa nasu ne, Zamfarawa ma na cewa nasu ne, kuma kowa da gaskiyarsa.

Wannan yanki ba baƙo ba ne a tarihi. Ba nisa da Isa kufan Alƙalawa yake, babban birnin Gobir wanda mayaƙan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci a 1808. Cikin jagororin wannan yaƙi akwai Muhammadu Namoda, wanda garin Ƙaura Namoda ke ɗauke da sunansa. Bayan jihadi, sarautar Isa ta koma hannun zuriyar Shehu ta wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ana kiran mai riƙe da ita Sarkin Gobir na Isa. Mai Zurmi ana ce masa Sarkin Zamfara, mai Ƙaura Namoda kuma Sarkin Kiyawa. Ki riƙe waɗannan sunaye, domin a waɗannan fadoji Narambaɗa ya yi rayuwarsa.

Ƙasa ce ta noma da kiwo. Ga gero da dawa a tudu, ga shinkafa da albasa a fadama, ga shanu da dawaki da raƙuma. Ibrahim ya buɗe ido a ƙarshen mulkin daular Usmaniyya, yana raye Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, yana raye jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929 aka shiga ɗibar gyaɗa da auduga zuwa kudu. Ke nan mutum ne da ya ga zamani biyu da idonsa, kuma duka biyun sun bar alama a waƙoƙinsa.

Iyayensa da ƙuruciyarsa

Sunan mahaifinsa Maidangwale, asalinsa mutumin Filinge ne a ƙasar Nijar ta yanzu, kuma ɗan dambe ne da ya yi suna. Mahaifiyarsa sunanta Riba, 'yar Badarawa ce ta ƙasar Shinkafi, daga gidan makaɗa ta fito.

A al'adar Bahaushe ta wancan lokaci, ɗa sana'ar ubansa yake bi. Ɗan maƙeri ya yi ƙira, ɗan mahauci ya yi fawa, ɗan wanzami ya ɗauki zabira. Kyan ɗa ya gaji ubansa, in ji masu iya magana. Da an bi wannan layi, da a fagen dambe za a san Ibrahim, kuma da wuya a ce yau muna maganarsa, domin ƙarfin damtse da mai shi ake binne shi. Amma Allah cikin ikonSa sai Ya karkata zuciyar yaron wajen dangin uwa. Kotson da ya rataya har ƙarshen rayuwarsa gadon gidan su Riba ne.

'Yar'uwa, tsaya ki yi tunani a nan. Riba ba ta shiga fada ba, ba a ɗauki muryarta a na'ura ba, sunanta ma albarkacin ɗanta muka san shi. Amma a ɗakinta ne kunnen yaron ya fara sabawa da daɗin magana. Yaro kafin ya je makarantar allo, kafin ya zauna majalisar maza, shekarunsa na farko a bayan uwa da gefen murhunta yake yin su. Abin da ya ji a nan shi ke zama harsashi, komai tsawon ginin da za a ɗora daga baya.

Kamar sauran yaran ƙauye, Ibrahim ya yi karatun allo, ya yi noma, ya kuma taɓa farauta. A wajen farautar ma ya samo laƙabinsa. Yana da wata karya da ake kira Rambaɗa, sai abokai suka riƙa ce masa na Rambaɗa, har sunan ya bi shi ya danne na yanka. Kin ga yadda laƙabi yake. Abin da aka fara da wasa a dandalin ƙauye, ga shi yau a bangon littattafai. Wannan ma abin lura ne gare mu masu saurin laƙa wa yara sunaye a gida.

Daga gona zuwa fada

Narambaɗa bai fara da sarakuna ba, da kiɗan noma ya fara. A da, idan damina ta kankama, mai babbar gona yakan kira gayya, samari su taru da garemani, makaɗi yana binsu a baya yana kiɗa yana kiran sunan kowane jarumi da na ubansa, yana zuga mai ƙwazo, yana yi wa raggo shaguɓe. Mata kuma suna gida suna ta faman dama fura da tuƙa tuwon 'yan gayya. A wannan makaranta ya koyi sanin halin mutane: wace kalma ce ke sa gajiyayye ya miƙe, wace ce ke sa mai girman kai ya sunkuyar da kai.

Da sunansa ya bazu a ƙauyuka, sai labari ya kai fadar Isa a zamanin Sarkin Gobir Muhammadu Na'ammani. Daga nan ya bar bakin gona ya koma kiɗan sarauta. Amma ɗaukakarsa ta gaske ta zo ne a zamanin wanda ya gaji Na'ammani cikin shekarun 1930, wato Sarkin Gobir Amadu. Shi ne ubangidansa na haƙiƙa, kuma mafi yawan manyan waƙoƙinsa shi ya yi wa. Sun daɗe tare har sunan ɗaya ba ya fita sai da na ɗayan.

Yadda kiɗan fada yake

Domin 'yan'uwa da ba su taso kusa da gidan sarauta ba, bari mu ɗan yi bayani. Makaɗin fada yana da ubangida guda, sarki ko hakimi, wanda ke ɗauke da cinsa da suturarsa. Ana ba shi dammunan hatsi da kaka, da riguna da rawuna, wani lokaci har doki da sirdinsa. Shi kuma aikinsa ya raka ubangidansa hawan salla da rangadi, ya yi kiɗa a ƙofar fada a daren Juma'a da ranakun buki, ya riƙe sunayen kakannin gidan da yaƙe-yaƙensu a ka. A lokacin da jarida ba ta kai ƙauye ba, makaɗi shi ne ma'ajiyar tarihin gida. Ba ya zuwa ya waƙe wani basarake sai da yardar ubangidansa.

Kowane rukunin makaɗa da abin kiɗansa. Salihu Jankiɗi da taushi ya yi wa Sarkin Musulmi kiɗa. Narambaɗa kuwa da kotso, kamar yadda Musa Ɗanƙwairo Maradun da Sa'idu Faru suka yi. Kotso ɗan ƙaramin abin kiɗa ne mai siririn tsakiya kamar kalangu, sai dai baki ɗaya aka rufe masa da fata, ana liƙa naƙe a tsakiyar fatar domin zaƙin amo, kuma da yatsu ake kaɗa shi ba da gula ba.

Waƙar kanta tana da tsari. Akwai gindi, wato 'yan kalmomin da ake komawa gare su a kai a kai. Akwai ɗiya, wato baitocin da ake jerowa tsakanin gindi da gindi. Jagora ya ɗauko magana, 'yan amshi su karɓe su ƙarasa masa, sannan a koma gindi. Duk wannan babu takarda babu alƙalami. Wanda ya saurari Narambaɗa zai ji yadda yake fara zance ya sake shi, yaransa su cafe kamar baki ɗaya ke magana. Wannan ba ya samuwa sai da doguwar bita da ladabi tsakanin babba da na ƙasa da shi.

Mutanen da ya waƙe da abin da ya faɗa

Ban da Sarkin Gobir Amadu, Narambaɗa ya yi wa sarakuna da hakimai da fadawa na maƙwabta waƙa, har da masu sarautar Shinkafi da Zurmi. Amma akwai waƙoƙi uku da ya kamata mu tsaya a kansu, domin kowace tana nuna wani ɓangare na mutumin.

Ta farko ita ce Bakandamiya, wadda ya yi wa Sarkin Gobir Amadu. Ita ce ya ɗauka a matsayin uwar waƙoƙinsa, har ya zamana yau in an ce bakandamiyar wane, ana nufin aikin da ya fi kowane cikin ayyukansa. A cikinta bai tsaya ga yabon sarki kawai ba, ya yi magana a kan ita kanta fasahar waƙa, yadda ake ɗaura ta da yadda azanci ke zo masa. Da ya tashi neman wanda zai kwatanta kansa da shi, sai ya ambaci Alfazazi, malamin nan na Andalus da ya rasu a 1230, mai Ishiriniya ta yabon Manzon Allah (SAW) wadda har yau ake karantawa a garuruwanmu. Kin ga ke nan makaɗin ƙauye ya san inda ƙololuwar fasaha take, kuma a wajen malamai ya hango ta.

Ta biyu ita ce Dokin Iska Ɗanfilinge, wadda ya yi wa dokin sukuwar ubangidansa. Mai saurare zai sha mamakin yadda mutum zai zauna ya siffanta dabba haka: tafiyarsa, gudunsa, kulawar da ake yi masa, da yadda yake barin sauran dawaki a baya. Waƙar ta zama taskar kalmomin doki da kayan doki, waɗanda yaranmu na yau da suka taso cikin babura da motoci ba su taɓa ji ba.

Ta uku ita ce wadda ya yi wa Alƙali Abu. A nan abin yabon ba takobi ba ne, ilimi ne da tsayawa kan gaskiya a wajen shari'a. A zamanin En'e, talaka ya san hakimi ta wajen haraji da jangali, ya san alƙali ta wajen rikicin gona da gado da aure. Idan makaɗi ya tsaya gaban jama'a ya yabi alƙali da adalci, to ya ɗora masa kaya ne, domin gobe duk garin zai zuba ido ya ga ko yabon ya dace da shi. Ta wannan hanya makaɗan fada masu hankali suke yi wa manya nasiha a fakaice. Su yabi sarki da haƙuri domin ya yi haƙuri, su yabe shi da kyauta domin ya saki hannu, su tuna masa kakanninsa domin ya ji kunyar abin da zai zubar da girman gidan.

Abin da ya bambanta Narambaɗa da da yawa daga cikin takwarorinsa shi ne zurfin tunani. Yana yawan ɗauko misali daga abin da kowa ke gani, kamar giwa da zaki da bajimin sa da ruwan gulbi, ya gina magana a kan gado da asali, da ƙaddara, da juyin zamani, da cewa mulki na Allah ne Yana ba wanda Ya so. Kuma duk da Hausar ƙasarsu ya yi, Hausar yamma, wadda ake cewa ɗiya a maimakon 'ya'ya, tahiya a maimakon tafiya, shina a maimakon yana. Bai sauya harshensa domin ya burge mutanen birni ba, amma ga shi Kano da Zariya da Katsina da Maraɗi duk an saurare shi.

Yabo da zambo a ma'aunin addini

To, mu dawo kan tambayar da muka ajiye. Ba za mu kawo tarihin makaɗi mu yi shiru a kan wannan ba, domin ɓoye gaskiya ba tarihi ba ne.

Malamai sun daɗe suna magana a kan kayan kiɗa, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta da sharuɗɗa. Shehu Usmanu da kansa, a littafinsa Kitabul Farƙi, ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe dare da rana cikin abubuwan da ya soki sarakunan Hausa da su, ya nuna cewa ganga ana buga ta ne domin wata buƙata ta shari'a, kamar tara runduna. Amma bayan shekaru, kiɗan sarauta ya dawo ya zauna daram a fadojin daular, har a gidajen jikokinsa. Narambaɗa a cikin wannan yanayi ya tashi, shi ya tarar.

Ita kuwa waƙa a matsayinta na magana, hukuncinta na bin abin da ke cikinta ne. Ƙarshen Suratus Shu'ara ya zargi mawaƙan da ke faɗin abin da ba sa aikatawa, sannan ya keɓe waɗanda suka yi imani suka yi aiki nagari. Ya tabbata a Bukhari cewa a cikin waƙa akwai hikima. Hassanu bin Sabit da waƙa ya kare Manzon Allah (SAW). A ƙasarmu ma Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta karantar da matan karkara ta hannun jajis da 'yan taru. A ɗaya ɓangaren kuma, ya tabbata a Muslim cewa an yi umurni da a watsa ƙasa a fuskar masu wuce iyaka wajen yabon mutane. Duk makaɗin fada yana tafiya ne a bakin wannan rami, domin abincinsa a yabo yake.

Sannan ga zambo. Kowane sarki yana da 'yan'uwa da suka nemi sarauta tare da shi ba su samu ba, kuma aikin makaɗi ne ya muzanta su. Narambaɗa gwani ne a nan. Ba ya kama suna, sai ya siffanta mutum da wata dabba ko wata kama, duk fada ta gane wanda ake nufi, a yi ta dariya. Mu yau muna jin daɗin fasahar, amma mu tuna wanda aka yi wa yana da mata da 'ya'ya, kuma su ma suna jin waƙar a gari. Suratul Hujurati ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙubba, ba ta ware mai fasaha ba.

A nan ne maganar ta shigo gidajenmu. Mu mata ba mu rataya kotso, amma wace ce a cikinmu ba ta san habaici ba? Ana daka ana sakin magana, ana shara ana waƙa da biyu, a sa wa akuya ko kyanwa suna domin kishiya ta ji, yanzu kuma har a saman WhatsApp ake ɗora shi. Ita wadda aka yi domin ta ta gane, yara ma sun gane, kuma suna koyo. Magana zarar bunu ce. Zambon da Narambaɗa ya yi shekara 70 ko 80 da suka wuce yana nan a kaset da waya, shi da waɗanda ya yi wa duk suna ƙasa, ba dama a janye ko kalma ɗaya. Haka hikimar da ya faɗa tana nan ana amfana da ita. Harshe ɗaya ne ya fitar da duka biyun. Wannan shi ne babban darasin rayuwar mutumin nan ga duk wanda Allah Ya ba kaifin baki, namiji ko mace.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Allah Ya yi wa Ibrahim Narambaɗa rasuwa a farkon shekarun 1960, daidai lokacin da Nijeriya ke fara mulkin kai. Ya bar ubangidansa Sarkin Gobir Amadu a kan gadon sarauta. Dawakin da aka ba shi sun mutu, rigunan sun tsufa sun yage, hatsin an cinye. Abin da ya saura shi ne 'yan waƙoƙin da aka yi dace aka ɗauka kafin rasuwarsa, waɗanda gidajen rediyo, musamman na Kaduna, suka yi ta sawa shekara da shekaru, daga baya suka koma kaset, yau kuma suna cikin wayoyi da intanet.

Makaɗan da suka yi tsawon rai bayansa sun riski kyamara. Ɗanƙwairo ya kai 1991, Mamman Shata ya kai 1999, duka biyun ana iya ganin hotonsu mai motsi suna waƙa. Duk da haka, in ana lissafin makaɗan fada na ƙasar Hausa, da wuya a fara ba da Narambaɗa ba. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya kawo tarihinsa a littafinsa na makaɗa da mawaƙan Hausa. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya wallafa littafi sukutum a kansa a 2009. A 2019 Jami'ar Bayero ta Kano ta tara masana domin nazarin waƙoƙinsa. Ɗalibai da dama sun sami digiri da nazarin maganar mutumin da bai taɓa zama a ajin boko ba.

Abin da ya rage gare mu

'Yan'uwa, ba za mu rufe ba sai mun faɗi abin da ke ci mana rai. Ƙasar da Narambaɗa ya yi yawo a kan doki daga fada zuwa fada, Shinkafi da Zurmi da Isa da ƙauyukansu, tana cikin yankunan da ta'addancin 'yan bindiga ya fi yi wa illa tun daga shekarun 2010. A watan Satumba na 2021 sai da aka rufe kasuwannin mako aka kuma katse layukan waya a Jihar Zamfara saboda wannan bala'i. Ƙauyuka da yawa sun watse, mata da yara sun yi gudun hijira zuwa manyan garuruwa. Idan ƙauye ya watse, ba gidaje da rumbuna kaɗai ake rasawa ba. Tsohuwar da ta san tarihin zuri'a, ta san waƙar daka da ta niƙa da ta reno, ta san tatsuniya da karin magana, in ta rasu a gudun hijira ba wanda ya tambaye ta, to ta tafi da kayanta gaba ɗaya.

Narambaɗa ya tsira daga mantuwa ne saboda wani ya kawo na'ura ya ɗauki muryarsa. Makaɗa nawa ne irinsa, da mata masu hikima nawa irin Riba, suka wuce ba a ɗauka ba? Yau kuwa na'urar tana hannun kowace ɗayanmu. Wayar da muke kallon finafinai da ita tana iya ɗaukar murya. In kina da kaka ko gwaggo ko surukar da ta manyanta, zauna da ita bayan sallar isha'i, ki tambaye ta sunayen kakanni da garin da aka taso, da yadda aka yi yunwa da yadda aka yi arziki, ki ɗauka ki adana wa 'ya'yanki. In akwai 'yan gudun hijira a unguwarku, bayan taimakon abinci da sutura, ki ba tsofaffinsu kunne, domin saurare ma girmamawa ne.

Sannan mu duba abin da ke shiga kunnen yaranmu a ɗakunanmu. Ɗan Riba ya ɗauki abin da ya tarar a ɗakin uwarsa ya kai shi inda ita ba ta taɓa zato ba. Naki ɗan ma abin da ya tarar zai ɗauka. In karatun Alƙur'ani da daddaɗar magana da Hausa mai tsabta ya tarar, da su zai fita. In zagi da habaici da waƙoƙin batsa ya tarar, su ma ba zai bar su a ɗaki ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya jiƙan Ibrahim Narambaɗa da iyayensa, Ya yafe masa kurakuransa, Ya saka masa da alheri a kan hikimar da ya bari. Allah Ya dawo da zaman lafiya ƙasar Zamfara da Sakkwato da Nijeriya baki ɗaya, Ya mayar da kowa gidansa cikin aminci. Allah Ya tsare mana harsunanmu, Ya shirya mana zuri'a. Amin.